Jan Kwaɗo da Gemun Mai Launi

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na safe aka ji ƙarar faɗuwar bokiti daga ɗakin haɗa tawada, sai kuma shiru. Shirun ne ya ɗaga hankalin mai kula da injin buga rubutu, domin Baba Mai Launi ko cokali ya yar sai ya bi shi da tsaki da mita. Ya leƙa ta gilashin ƙofa, ya hango ƙafafu biyu a miƙe tsakanin durorin sinadari, jar tawada tana malala a ƙarƙashinsu.

Kafin a ce kwabo mutum shida sun taru a bakin ƙofar, kowa na neman ya riga kowa shiga. Sai ga ta ta ɓullo daga lungun sito a guje, gajeruwar mace da ta haura hamsin, wata 'yar na'ura mai ruwan rawaya tana lilo a wuyanta. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a ƙofar ta ware hannuwa, ta ce duk wanda ya taka ɗakin nan babu takunkumi, mutum biyu za a kwaso maimakon ɗaya. Ta zaɓi ƙarti biyu ta ɗaura musu takunkumi da hannunta, ta ɗaura nata, ta sa aka zuge babbar ƙofar baya don iska ta ratsa. Su uku suka shiga, suka ciccibo dattijon suka shimfiɗe shi a inuwar bishiyar da ke tsakiyar haraba.

Nas ta kamfani ta kwance masa wuyan riga, ta yi ta fifita. Minti huɗu ne, amma waɗanda suka tsaya a kansa sun ce sun yi kamar shekara. Da ya buɗe ido, bai tambayi inda yake ba. Cewa ya yi wa ya rufe masa bokitin shuɗi, kada ya bushe.

Aka fashe da dariya, wasu har da share hawaye. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Takunkuminsa take juyawa a hannu. Ya sa shi, wannan babu tantama, ita ta cire masa daga fuska. Matatun iskar da ke jikin takunkumin sababbi ne, ranar Litinin ta canja su da kanta. To ta ina tururin sinadarin ya bi ya kayar da shi? Sai idonta ya sauka a kan gemun: fari tas, cikakke, daga kunne zuwa kunne har ƙirji, gemun da duk kamfanin ke alfahari da shi. Bakin robar takunkumin ba fata yake kamawa ba, a kan gashi yake zama, kamar an kifa faifai a kan ciyawa. Iska ta ƙasa take bi ta shige.

Ta miƙe, ta zaro wani jan kwaɗo daga aljihun rigar aikinta, ta je ta garƙame ƙofar ɗakin haɗa tawada, ta jefa makullin a jaka.

Shekara tara ke nan da wannan rana. Matar da ta jefa makullin a jaka ita ce jami'ar kula da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin leda da kayan roba, kuma a wannan makon take ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Ba za ku ga hotonta a jarida ba. A kamfanin ma da yawa ba su san sunanta na yanka ba, Jan Kwaɗo kawai suke ce mata, da farko a bayan idonta, daga baya a gabanta, har ta kai tana amsawa.

Maigadi ya ce a tsawon shekarun nan bai taɓa gama shayinsa na safe ba ta shigo ba. Ba ofis take fara zuwa ba. Ɗakin buga rubutu take nufa, inda ake buga sunaye da hotuna a jikin leda, inda ake tsinka tawada da tina, wannan ruwan sinadari mai kamar ruwan sha wanda ke tashi sama ya bi numfashi. Za ta bi duro ɗaya bayan ɗaya tana danna murfi. Za ta yagi 'yar takarda ta kara a bakin fankar da ke zuƙe iska. In takardar ta manne, ta wuce, in ta faɗo, ranar injiniya ba zai sha ruwa da daɗi ba. Sannan ta ɗaga na'urarta daidai tsayin hancin mutum ta tsaya tana kallon lambobi, kamar mai sauraron bugun zuciyar ɗakin.

Yaƙe-yaƙenta ƙanana ne, amma ba sa ƙarewa. Ta yi shekara biyu tana hana mutane wanke hannu da tina kafin cin abinci, don ya fi sabulu saurin cire tawada. Ta yi fama da masu cewa in ka sha gwangwanin madara bayan tashi, ya wanke ƙirji. Takan ce madarar ciki take zuwa, tururin kuwa huhu da ƙwaƙwalwa ya nufa, ba su ma haɗu a hanya ba balle su gaisa. Amma babban abokin gabanta kalma ɗaya ce: sabo. In sabon ma'aikaci ya ji jiri ya dafe bango, sai tsofaffin hannu su yi masa dariya su ce hancinsa ne bai saba ba, ya ba shi wata uku. Wanda ya daina jin warin kwata-kwata, shi ne gwani. Baba Mai Launi kuwa shi ne sarkin masu sabo. Yakan ce shi da tina sun zama hanta da jini.

Ba cika baki yake ba a kan aikinsa. Ka kawo masa ɗan ƙyalle ka ce irin wannan launin kake so, zai kalle shi sau ɗaya, ya ɗebo nan ya ɗigo can, ya juya da sanda, in ka kara su ba za ka ce ga na asali ba. Bai yi karatun boko ba, bai san lambar kowane launi ba. Ido ba mudu ba, amma nasa ya san ƙima. Da wannan idon ya ciyar da gidansa shekara talatin.

Ranar da ya faɗi, tun kafin la'asar manaja ya aiko a kira ta. Matashi ne mai ladabi, Anti yake ce mata, amma in ya ce Anti sau biyu a jere, to akwai magana. Ya tambayi yaushe za a buɗe ɗakin. Ta ce sai an gyara. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi, domin dama tsohon tafiya zai yi. Ya jawo durowa ya nuna mata takardar sallama, an buga, sa hannu kawai ya rage. Ya kuma zube mata leda biyu a kan tebur: ɗaya samfurin da mai kaya ya kawo, shuɗi mai haske, ɗaya kuma wadda aka buga a makon jiya, shuɗin ya karkata zuwa kore. An dawo da kayan gaba ɗaya. Karo na biyu ke nan cikin wata uku. Tsufa ne, in ji manaja, ido ya gaji, ba laifin kowa ba ne.

Ta daɗe tana kallon ledojin nan. Wani abu ya faɗo mata a rai, wani layi da ta taɓa karantawa a takardun horon da aka yi musu: irin wannan tururin, in ya daɗe yana shiga jiki, yakan taɓa jijiyar gani, kuma sau da yawa ta wajen bambance launi yake fara sata. Ta ce wa manaja ya mayar da takardarsa durowa ya ba ta kwana biyu.

Washegari ta sa dattijon a gaba sai asibitin ido. Duk hanya yana mita, wai shi da ya yi ɗan jiri kawai an mai da shi majinyaci. Likita ya zube masa 'yan murafai goma sha biyar a kan farin tebur, kowanne da launinsa, ya ce ya jera su bi da bi, kowanne kusa da wanda ya fi kama da shi. Baba Mai Launi ya yi murmushi irin na wanda aka ce ya ƙirga yatsunsa. Ya jera uku da sauri. A na huɗu hannunsa ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya ajiye, ya ɗauki wani, ya karkata shi wajen taga. Jan Kwaɗo ta mai da fuskarta bango tana karanta wata sanarwa da ba ta dame ta ba, don kada ya ɗago ya ga tana kallonsa.

Bakwai ya ɓata. Likita ya ce ba zai rantse ba, amma wannan bai yi kama da tsufa kaɗai ba. In aka raba shi da tururin yanzu, ɓarnar za ta iya tsayawa, wataƙila ma wani abu ya dawo. In aka ci gaba, to a nemi wata sana'ar tun da wuri.

A hanyar dawowa ta shimfiɗa masa maganar yadda take. Takunkumi ba ya aiki a kan gemu. Ko dai ya aske, ko ya bar ɗakin. In ya bar ɗakin kuwa, takarda tana jiransa a durowa. Ya saurare ta har ta gama, ya shafa gemun daga sama zuwa ƙasa, ya ce tun ranar da ya binne mahaifinsa aska ba ta hau fuskarsa ba, kuma ba 'yar na'urar da ake ratayawa a wuya ce za ta aike shi wurin mai aski ba. Ya sauka daga mota bai yi mata sallama ba.

Da wata ce, da ta bar shi haka. Doka tana bayanta, ta faɗa masa gaskiya, saura ya rage nasa. Ita kuwa ranar hutu da yamma sai ga ta a ƙofar gidansa.

Matarsa ce ta tare ta, tana cewa yau dangin miji ne da kansu, bari ta ɓoye tsintsiya kada a ce ba ta shara. Falon ƙarami ne, bangonsa wani irin launi mai sanyi da ba a sayar da shi a kanti, shi ya haɗa da hannunsa shekarar da suka tare. Keken ɗinkin matar yana gefen taga, zare kala-kala a jere a kansa. Maigidan yana zaune a kujerarsa, ya amsa gaisuwa da ƙyar. Matar ta kawo shayi, ta ce in dai maganar gemu ce aka zo yi, ita a bar ta a waje, shekara talatin da ɗaya ba ta ga haɓar mutumin nan ba, ba ta san abin da za ta tarar ba, wataƙila ma babu komai a ƙarƙashi.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Matar ta zauna a bakin keken ta ɗauki zare ɗaya tana juyawa, ta ce a hankali, ba tare da ta kalli mijin ba, sau biyu ke nan tana cewa ya miƙo mata shuɗi yana miƙo kore. Ta karɓa ta yi godiya, ta jira ya fita sannan ta canja.

Dattijon ya sunkuyar da kai. Can ya ce ya sani. Ya fi wata shida da sani. Shi ya sa yake kiran mai kula da inji ya ce zo ka ga kyan wannan, yana satar kallon fuskarsa don ya gane ko ya dace.

Nan Jan Kwaɗo ta ajiye kofinta ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa a kamfanin ba. Kafin a ba ta wannan aikin, shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakin buga rubutu, kuma ita ma gwanar sabo ce, har ita ke yi wa sababbi dariya. Wata rana tana yi wa 'yarta kitso a ɗaki, tukunya ta ƙone ƙurmus a kan wuta, hayaƙi ya cika gidan, sai da maƙwabta suka bugo ƙofa.

"Yaya, mutane na cewa tun daga bakin get nake jiyo warin tina. Ƙarya ne. Ba na jin warin komai, shi ya sa na rataya wannan a wuya. Ranar da aka miƙo min jikata ta fari, kowa na cewa kai, ƙamshin jariri, ni ma na kai hancina kanta na ce haka ne. Ban ji komai ba. Hancina ba sabawa ya yi ba, mutuwa ya yi. Ni tawa ta riga ta faru. Kai idonka da sauran rai."

Matar ta sa gefen mayafi ta goge ido. Dattijon bai ce zai aske ba, bai ce ba zai aske ba. Amma da ta tashi tafiya, ya raka ta har bakin titi, abin da bai taɓa yi wa kowa daga wurin aiki ba.

Ta koma gida tana juya abin a rai. Me ya sa dole sai mutum ya zaɓa tsakanin mutuncinsa da idonsa? Ta tono tsofaffin takardunta har ta samo hoton abin da take nema: wata irin hula ce mai lulluɓe kai har kafaɗa, da gilashi a gaba, da ɗan inji a ƙugu mai tace iska yana hura ta ciki. Ba ruwanta da gemu. Ranar Litinin ta ajiye hoton a gaban manaja tare da sakamakon asibiti, ta ƙara da cewa ba hula kaɗai ba, sai an kafa mazuƙar iska a kan teburin haɗa tawada kanta, domin mutumin da ke sanye da takunkumi ba ya faɗuwa haka kawai sai in ɗakin ya cika ya batse.

Manaja ya ce Anti, Anti. Ya ce ai ya fi sauƙi a kawo wani mai haɗa launi wanda ba shi da gashi ko ɗaya a haɓa. Ta ce a kawo, shi ma bayan shekara goma a kai shi ya jera murafai. Ya ce kamfanin ba nata ba ne. Ta ce haka ne, ranka ya daɗe, amma makullin nata ne, doka ce ta ba ta, kuma yau za ta sanar da sufeton ma'aikatar ƙwadago cewa mutum ya faɗi a bakin aiki, kamar yadda aka wajabta.

Kwana goma sha ɗaya ƙofar nan tana garƙame. Ba tawada, ba bugu. Ma'aikatan sashen aka mai da su sharar haraba da tsintar tarkacen roba, aikin ƙarin lokaci ya tsaya, gidaje suka fara ji a jikinsu. Mutanen da ta ciro wa ɗan'uwa daga bakin mutuwa suka daina gaishe ta. In ta shiga wurin cin abinci, sai benci ya watse. Sufeto bai zo ba. Sau uku tana zuwa ofishinsa tana zama a bencin baranda har a tashi. Rana ta shida ta jawo durowar teburinta, wani ƙaton kwaɗo mai rai ya yi tsalle ya dira a cinyarta. Nas ta ce ta ɗauka za ta yi kuka. Sai Jan Kwaɗo ta ɗauke shi a tafin hannu, ta ratsa tsakiyar masu shara da shi, ta ce ta gode da baƙon, ɗan'uwanta ne, sai dai shi ba ja ba ne, a jira Mai Launi ya dawo ya rina shi. Wasu suka yi dariya ba da son ransu ba.

Rana ta tara da safe wani baƙon mutum ya zo bakin get, siririn fuska, haɓa fara sol kamar tafin hannu. Maigadi ya tare shi ya ce malam, masu neman aiki sai ranar Litinin. Mutumin ya ce kai dai Allah ya shirye ka, shekara ashirin kana cin goron hannuna. Maigadi ya ji muryar, ya saki salati, rediyonsa ta faɗi ƙasa.

Labari ya riga shi isa ciki. Masu shara suka jingine tsintsiya, babu wanda ya iya dariya, babu wanda ya iya kallonsa sosai. Ya wuce kai tsaye ofishinta ya tsaya a ƙofa, hannunsa na ta kai wa ƙirji yana neman abin shafawa yana dawowa wayam. Ya ce matarsa da ta gan shi sai da ta ja mayafi ta ce maigidan ba ya nan. Ya ce ba zai iya kwana yana jin mutum goma sha huɗu na shara saboda gashin fuskarsa ba, kuma an gaya masa yadda ake yi mata. Ga shi ya aske. Yanzu saura ta buɗe ɗakin.

Ta kalle shi, hawaye suka zubo mata, ba ta ɓoye ba. Sannan ta girgiza kai. Ta ce ba za ta buɗe ba. Takunkuminsa zai kama yanzu, amma sauran da ke shiga karɓar tawada fa? Mai shara fa? Ɗakin ne ba shi da lafiya.

Ransa ya ɓaci. Ya ce ashe a banza ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba.

"Ba a banza ba, Yaya. Yau kowa a nan ya ga cewa abin ba wasa ba ne. Gemu zai tsiro. Ido ba ya tsirowa."

Abin da maganarta ta kasa yi a shekaru, haɓar nan ta yi shi a yini ɗaya. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Su sun ga na ubangidansu ya tafi ɗungurungum. Da rana mai kula da inji ya zo ya tsaya yana susar ƙeya, ya ce shi ma kansa yakan sara kullum da yamma, ko za a rubuta. Wani ya biyo baya ya ce yatsunsa na yin sanyi. Kafin a tashi ta cika shafi biyu. Washegari mutum goma sha huɗun nan suka bi ta zuwa ofishin sufeto, ga kuma dattijo mai sabuwar haɓa, bencin baranda bai ishe su ba.

Sufeto ya zo a rana ta goma sha ɗaya. Ya sa aka buɗe duro aka juya tawada kamar yadda ake yi kullum, ya ɗaga tasa na'urar, ya kalli lambar, ya ce kowa ya fita. A tsaye ya rubuta umarninsa. Manaja, a faɗi gaskiya, bai ja ba da ya ga lambar da idonsa. Gani ya kori ji. Aka kafa mazuƙar iska, aka sauya murafan duro, hular ta iso bayan mako uku. Takardar sallama kuwa ta sa aka yarda a jingine ta wata shida, sai an sake gwajin ido.

Ranar gwajin gemun ya fara dawowa, ƙaiƙayi ya ishe shi. Likita ya zube murafai goma sha biyar. Wannan karon ba ta juya wa bango fuska ba, shi ya ce ta kalla. Ya jera a natse, ya yi jinkiri a wurare biyu, kuma su biyun kaɗai ya ɓata. Likita ya ce wataƙila iyakar abin da zai dawo ke nan. Dattijon ya ce ya ishe shi cin abinci. Shekara shida ya ƙara a ɗakin nan cikin hularsa, ana tsokanarsa da ɗan sama jannati, ba a sake dawo da kaya saboda shi ba, kuma da ƙafarsa ya yi ritaya, ba da takarda daga durowa ba.

Ita fa? Sau biyu ƙarin girma yana zuwa yana tsallake ta. Aka mai da ofishinta wani ɗan ɗaki kusa da janareta. Ba ta taɓa kai ƙara ba. Ta ce wurin ya fi kusa da ɗakin tawada.

Ke ce wadda aka daina gaisarwa saboda kin ƙi a mutu da sannu. Ke ce kika ɗauki rashinki kika ɓoye shekara da shekaru, ranar da kika fito da shi kuwa ba don a tausaya miki ba ne, don wani ya tsira da nasa. Irin aikinki ba ya barin abin nunawa: in ya yi kyau, babu abin da ke faruwa, mutane su tashi aiki su koma gida, kai bai sara ba, su gane fuskar 'ya'yansu, su ji ƙamshin girkin gidansu. Wa zai yi wa mutum godiya a kan abin da bai faru ba? To mu mun yi. Uwar masu numfashi, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma da ke riƙe da irin wannan makullin a wasu wuraren, masu duba lafiyar ma'aikata da sufetoci da shugabannin sashe, ba a ce ku yi faɗa da kowa ba. Ku je gidan mutum ku sha shayinsa, ku ji abin da yake tsoro. Amma in lamba ta ce a rufe, ku rufe, ko benci zai watse. Ku da ke aiki a cikin tururin, ranar da kuka daina jin wari kada ku yi murna, ku je a duba ku.

Ranar Alhamis aka yi mata 'yar walimar ban kwana a haraba. Manaja, wanda yanzu furfura ta fara masa, ya yi jawabi ya ce Anti sau ɗaya tak. Baba Mai Launi ma ya zo da matarsa. Ta miƙa makullai da na'ura ga wanda zai gaje ta, 'yarta ta tattara kyaututtuka a kwali, suka nufi get.

Maigadi ya tare su ya ce akwai wata mata tun azahar take tsaye a waje, ta ƙi shigowa, ta ƙi tafiya. Ba ma'aikaciyar nan ba ce. Matar ba ta wuce talatin da biyar ba, hannuwanta duka biyu a cikin mayafi. Ta gaishe ta da Inna, ta ce a wani shago take aiki a bayan tashar mota, inda suke manna takalman roba da gam, ƙofa a rufe saboda ƙura. Ta fito da hannuwan. Fatar ta tsattsage, yatsun suna karkarwa kamar na tsohuwa.

"Jiya ɗayarmu ta faɗi. Mai wurin ya ce yunwa ce. Tana da ciki wata biyar, kuma yau ta koma aiki."

Jan Kwaɗo ta tambaye ta su nawa ne a ɗakin. Ta ce su tara. Taga fa? Ɗaya, an toshe ta da kwali.

'Yarta ta ce Umma, kin fa ajiye aiki. Ta ce ta sani. Ta laluba jaka ta tabbatar lambar sufeto tana nan a wayarta, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Kai kayan nan gida, ki ce wa babanku kada ya jira ni da abinci." Ta juya ga baƙuwar ta kama hannun nan mai rawa. "Mu je, 'yata, ki nuna min ƙofar."